Kwabar Littattafai a Bangon Zaure

Aikin farmika, fallen roba mai sheƙi da ake manna wa katako, yana da tsari, kuma sau ɗaya na taɓa karya shi. A Yamai na koya, zamanin soja, bayan na bar lakkwal a aji shida. Da farko a goge allon, irin na garin katako da ake matsewa a masana'anta. Na biyu, a shafa kol, wato gam, a jikin allon da bayan farmikar. Na uku, a jira har kol ɗin ya daina kama yatsa. Sannan a jera sanduna tsakaninsu, a riƙa zarewa ɗaya-ɗaya ana murzawa da tsumma, don in suka haɗu a karkace sun haɗu ke nan. Na ƙarshe shi maigidan da ya koya mini ya fi nanatawa: a rufe gaba, a rufe baya, a rufe kowane baki, saboda allon nan shan ruwa yake kamar gari.

Da na koma Filinge na buɗe rumfata, aikin da na fi so a gani shi ne na wan mahaifina. Malami ne, Baba muke ce masa. Yana da littattafan kakansa, rubutun hannu, a cikin gafaka rataye a azarar zaure. Duk Juma'a da damina yakan sauke su, ya baje a tabarma su sha iska. Ni na matsa masa ya bari in haƙa bangon zauren in gina musu kwaba, kamar yadda na gani a gidajen ma'aikata.

Farmika falle ɗaya na aika aka sayo. A Baleyara, ranar kasuwa, aka ɗaure raguna a saman motar da ta ɗauko ta, suka taka ta, kusurwa guda ta karye. Na auna abin da ya rage. Ya isa ƙofofi da kantoci, bai isa baya ba. Na riga na gaya wa mutane ranar da zan gama. Na jingina allon baya tsirara da bangon ƙasa, na buga ƙusa.

Ranar da na gama, dattawan unguwa suna zaune. Na ɗauki buta na kwarara ruwa a ƙofar kwabar, ya gangare bai bar alama ba.

Baba ya shafa da tafin hannu ya ce, "Ɗana, duk jikinta haka take?"

Na ce, "Duk, Baba."

"To, ta fi ni. Ni ko yayyafi ya taɓa ni sai mura."

Aka yi dariya. Ya fidda littattafan daga gafaka ya jera. Daga ranar ya bar shanyar Juma'a, don na ce masa babu bukata.

Damina biyu ba abin da ya faru. A ta uku ruwa ya yi yawa, bangon ya jiƙe daga tushe. Baba ya aiko mini cewa ƙofa ta ƙi rufuwa. Na je, na ga farmikar ta kumbura a kantar ƙasa, na san abin da ke bayanta. Na kankare bakin ƙofar har ta rufu, na gaishe shi, na fita. Wannan ya fi na farko damuna har yau.

Bayan an yanke hatsi Baba ya nemi littafin da kakan ya rubuta da hannunsa. Ganyayen sun manne sun zama dunƙule, tawada ta narke, sai warin funfuna. Uku ne a kantar ƙasa, duk haka.

Ya kira ni ya ce, "Ciro kwabar."

Na ciro. Allon baya ya yi baƙi, yana marmashewa a hannuna. Ya daɗe yana dubansa.

"Wanga gefen ba ka zuba mai ruwa ba ran nan," in ji shi.

Ya mayar da sauran cikin gafaka, ya taka turmi da kansa ya rataye, bai yarda na kama masa ba.

Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu, bayan farar hula sun karɓi mulki. Da aka zo rabon littattafai, babban ɗansa ya miƙo mini dunƙule ukun nan a tsumma, ya ce wasiyyar Baba ce. Suna rumfata, rataye a azara. Na gwada ɓamɓare su da wuƙa sau biyu, ganye ɗaya bai fito lafiya ba.