Ni Ne Majinyacin Ɗaliban Hajiya Luba

Shekara bakwai ke nan da Allah Ya karɓi ran maiɗakina, Hajiya Lubabatu, wadda mutanen Talata Mafara suka fi sani da Hajiya Luba mai asibiti. Na zaci idan na zauna rubutun nan hawaye za su hana ni, sai ga shi dariya ce take ta kama ni.

Ma'aikaciyar lafiya ce, ta yi aiki a ƙananan asibitoci daga Bakura har Maradun kafin ta yi ritaya. Hutun bai karɓe ta ba. Duk lokacin da jarrabawar samun shaidar aiki ta matso, sai 'yan matan makarantar koyon aikin lafiya su cika mana tsakar gida, wasu daga Jangebe, wasu daga Morai, ta shimfiɗa musu tabarma ta yi ta yi musu bita. Da lemon zaƙi suke koyon allura. Akwai shekarar da ban sha lemo ko ɗaya a gidana ba sai mai huji.

Ni malamin firamare ne, ban san komai a harkar magani ba, amma ta ba ni muƙami: ni ne majinyaci. In zauna a kujera in yi ta nishi, su kuma su zo ɗaya bayan ɗaya. An naɗe min kai da bandeji, an ɗaure min ƙafa, an kwantar da ni a gefe wai na suma. Wadda ta taɓa ni ba ta wanke hannu da sabulu ba, sai Hajiya ta ce, "Kin kashe mini miji, koma baya." Haka wadda ta miƙo magani ba ta tambayi sunana ba, ko ba ta duba ranar lalacewarsa ba, ko ba ta tambaye ni ko wani magani ya taɓa ɓata min jiki ba. A yini ɗaya nakan mutu sau da yawa, maƙwabta suna leƙowa suna yi min ta'aziyyar kaina.

Wata rana layi ya zo kan Rabi, wata yarinya 'yar garin Dakko mai tsananin kunya. Awon jini ake koyo. Ta ɗaura min abin awon a damtse, ta hura, ta saurara, sai na ga tana kallon ƙasa.

"Mi kinka gani?" in ji Hajiya.

"Inna, ina jin kuskure na yi. Ya yi sama ƙwarai, kuma ga Baba lafiya lau."

"Ban tambaye ki lafiyar Baba ba. Faɗi abin da kinka gani."

Rabi ta faɗa. Ni kuwa ina ta wasana, na ce ai yajin miyar Hajiya ne. Ba wanda ya yi dariya. Hajiya ta sa na huta, ta sa Rabi ta sake awo a ɗaya hannun, sannan ta auna da kanta. Duk bakinsu ɗaya. Na ce to, ta ba ni magani mana, ga shi a gida muke. Ta ce, "Malam, wannan ya wuce hannuna, na likita ne. Ɗauko hularka." Ta juya ga ɗaliban ta ce su riƙe wannan fiye da komai: sanin inda iyawarka ta tsaya shi ma ilimi ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A babban asibiti likita ya ce hawan jini ne, ya daɗe yana cina ban sani ba, kuma da an ƙara sakaci da shanyewar ɓarin jiki ce za ta sanar da mu. Muna dawowa ta rage gishirin miya, ta raba ni da kilishi, ta kuma yi wata guda tana ba baƙi labarin majinyacin ƙarya da ya zama na gaske. Rabi ta ci jarrabawarta a shekarar. Yanzu ita ke riƙe da wani ƙaramin asibiti a yankin Maradun, har tana da nata ɗaliban.

Nakan tambayi kaina me Hajiya za ta ce da ta ga yau. Na'urar awon jini ta zamani, wadda ake danna mata maɓalli kawai, na san sai ta harare ta tukuna, sannan ta sayi biyu. Ɗalibai suna bitar jarrabawa a waya, wannan zai burge ta, domin ba ta taɓa ƙyashin ilimi ba. Amma masu shagon magani da ke yi wa kowa allura da ƙarin ruwa ba tare da gwaji ba, da sun ji a jikinsu. Takan ce takardar shaida izinin taɓa jikin mutum ce, kuma jikin mutum amana ne.

Ba a sa wa wani gini sunanta ba, kuma ba na jin za ta damu. Abin da ta bari yana yawo da ƙafafunsa. Ni da aka yi zaton zan riga ta, na aurar da autarmu, na ɗauki jikokin da ba ta gani ba, bana ma na noma gero da hannuna. Akwai irina da yawa a ƙauyukan nan, mata da suka haihu lafiya, yaran da aka tura babban asibiti a kan lokaci, waɗanda ba su taɓa jin sunanta ba balle su yi mata godiya. Ni na sani, shi ya sa nake yi a madadinsu. Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya kai haske kabarinta.