Mai Gyare a Ƙarƙashin Gada

Tun da aka tafi da abokina Samih saboda wata magana da ya faɗa a gidan shayi, zaman ɗaki ya gagare ni. Ƙafa ce ta kawo ni kasuwar dabbobi ta Sayyida A'isha.

Wata dattijuwa tana zaune ƙarƙashin gada, cikin baƙar riga koɗaɗɗiya. A gabanta akwai bokiti cike da kwalayen ƙwai, gyare na ta yawo a ramukansu, abincin ƙadangarun 'yan gayu. Yatsunta sun kumbura, amma ba ta kuskure. Sai ta karkata kai ta saurara, ta cafko wanda ya yi kuka, ta jefa a leda.

"Haba Ummu Fatahi, yau ma duk maza?" in ji wani saurayi mai hawainiya a kafaɗa. "Matan sun fi ƙiba."

"Matan ba sa kuka, ɗan nema. Mai gidan da nake haya ya rantse in maƙwabta suka sake kai ƙara kan kukansu, ni da bokitaina sai titi."

"To wa zai yi musu barbara?"

"Nakan bar kaɗan, in datse musu fiffike. Da shi suke kukan."

Ina jin ita kaɗai take kwana a saman bene, kuma da can kukan nan ne ke ɗebe mata kewa.

Ta ɗago ta dube ni. "Kai fa, ɗana?"

"Ba komai, Inna," na ce, ƙasa-ƙasa, yadda na koyi magana kwanan nan.