Mai Jar Hula a Gurbina

Ina laɓe a rumfar mai shayi a kasuwar Kalerwe, don na ce wa 'yar kawuna Nansubuga bayana ya karye gida bakwai. Ita da ma'aikatanta suna sauke ɗanyar ayaba daga mota, hannu zuwa hannu, a layi. Gurbina a layin ya wangale, kuma in rana ta daki ayabar, mai saye zai fasa.

Ga wani dattijo a gefena, siriri kamar tsinken tsire, da jar hula da takalmin taya. Kafaɗarsa ta hagu ta kwanta, ta sha dako tun kafin a haifi kakata. Ya hango gurbin, ya ajiye shayinsa, ya shiga layin.

Ba ayabar yake kallo ba, hannun na gabansa yake kallo. In wancan ya gaji, sai ya sassauta. Ina jin ya taɓa riƙe 'yan dako, suka watse suka bar shi da kafaɗar.

Nansubuga ta ce, "Baba, kai na wace mota ne?"

"Na wadda layinta ya yanke, 'yata. Ina mai wurin?"

"Yana jinya, wai gida bakwai!"

"Allah sarki. A ajiye masa abincinsa, ai namu ne."

Na ajiye shayina. Na taso ina ɗingishi, don kar ƙaryar ta mutu farat ɗaya. Dattijon ya matsa ya ba ni wuri a layin. Bai dubi fuskata ba, hannuna yake kallo.