Sunan da Muka Laƙaba Masa

Jiya na wuce wurin masu banda a kasuwa, ƙanshin hayaƙin kifin ya mayar da ni unguwarmu ta Diffa. Sai dai in faɗa muku tun farko, shekaru sun ja, kuma mai yiwuwa na cakuɗa abin da na gani da abin da aka ba ni labari.

Lokacin muna kwalej, muna da fada, wato majalisar hirarmu, a gindin wata bishiyar bedi. Akwai Barebari, da Bafulatani, da ɗan wani ma'aikacin asibiti Kirista, da ni, da wani yaro Buduma, ƙabilar da ke zaune a tsibiran tafki. Hausa muke yi, kowa da irin karyewar harshensa, kowa kuma da sunan tsokana. Kiristan ɗan Lahadi ne, Bafulatanin mai nono. Shi Buduman muka sa masa ɗan tsibiri, abin dariyar kuwa shi ne a unguwar aka haife shi, bai taɓa ganin tafki ba. Idan kogin Komadugu ya cika bayan damina muka je wanka, shi ke zama a gaɓa yana gadin rigunanmu, don bai iya iyo ba.

Uwarsa banda take sayarwa, suna haya a gidan wani tsoho maƙwabcinmu. Ban san gidan da bai taɓa cin kifinta kyauta ba a layinmu, ko da yake ba zan rantse ba.

Sai aka kai wa garin hari. Aka hana hawa moto, wato babur, aka hana cinikin kifi da tattasai, aka kwaso mutanen tsibirai. Duk wanda aka ce daga tafki yake, ido na kansa. Wata la'asar mai unguwa ya tara dattawa a ƙofar gidanmu don a tantance 'yan haya. Ni na shimfiɗa tabarmi, shi ya sa na ji. Da aka zo kan gidan abokina, aka tambaya ko akwai wanda zai tsaya musu. Tsohon mai gidan ya ce shi dai haya ya bayar, bai san asali ba. Can mai shagon layinmu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai yaranmu ma ɗan tsibiri suke ce masa."

Kakata ta ɗaga murya daga bayan zana. "A hannuna aka yanke masa cibi. Wane tsibiri?"

Kawuna ya ce mata, Inna, ba zancen mata ba ne. Ina jin a nan maganar ta mutu.

Ba wanda ya kore su da baki. Tsohon dai ya ce yana bukatar ɗakinsa, sauran masu gidaje kuma duk ɗakunansu suka cika a rana guda. Suka ɗora kaya a amalanke suka nufi Assaga, can wajen kogi, cikin 'yan gudun hijira, su da ba daga ko'ina suka gudo ba. Na raka su har bakin titi. Ya ce mini, "Gaya wa 'yan fada an kai ni bakin ruwa, ƙila yanzu in koyi iyo." Bai yi dariya ba. Kwalej ma bai koma ba, kuma ban sami tabbacin inda yake yanzu ba.

Na gama jami'a na dawo, na tarar da samarin unguwar kusan kowa na zama da 'yan ƙabilarsa. Wataƙila idona ne. Dattawan nan kuwa, waɗanda ke raye, suna cewa a unguwarmu ba a taɓa nuna wa kowa bambanci ba, ni kuma in durƙusa in gaishe su.

Duk wanda ke wurin ran nan, ina roƙo ya aiko mini da gyara. Musamman idan akwai namiji ko ɗaya da ya buɗe baki ya tsaya musu, ni ne ban ji ba, a taimaka a sanar da ni.