Dillalin Shanu da Littafin Yara

Duk ƙasar Maraɗi babu alƙalin littattafai kamar tsohon nan da ke zaune bakin karar shanu ta Madarumfa. Abu ɗaya ya rage masa, bai iya karatu ba.

Na ji ana ce masa Wada. Igiya a kafaɗa, goro a kumatu, littattafan yara biyu a cinya. Yana duba shafi yadda dillali ke duba haƙoran bijimi. Ɗaya na lakwal ne, wato makarantar boko, daga Faransa. Ɗayan wani ɗan ci-rani ya kawo daga Katsina, Bahaushe ya rubuta, Bahaushe ya zana.

Ya tare wata mai nono. "Goggo, dubi wagga saniya ta littafin Nasara. Ina tozonta? To dubi tamu. Wanda ya zana ta ya yi kiwo. Wannan za ki nema wa ɗiyanki."

Ina jin an ɗauki jikansa lakwal bana, yana tsoron yaron ya dawo bai gane saniyar gidansu ba. Tun hantsi ya tare mutum tara, bai gaji ba.

Littafin na Katsina da Hausa aka rubuta shi. A lakwal kuwa an hana Hausa.