Mai Saƙa Kwando a Cikin Jirgi

A gidanmu na Haɗeja, in ruwa ya janye daga fadama, kakata Iya takan yi bandar kifi bayan magariba. Mu jikoki mu kewaye wutar, hayaƙi na sa mu hawaye, ba mai tashi.

Akwai tatsuniyar da ta fi so, ta wani masunci marar lissafi. Ya kama tarwaɗa ɗaya, ya saƙa mata kwando daidai ita. Da ya kama ta biyu, sai ya saƙa wani da ya ɗan fi girma, ya juye ta farkon a ciki, tsohon kwandon kuma ya bar shi a jirgi. Haka ya dinga yi har kwanduna suka cinye wurin kifi, jirgin ya nutse da shi.

Ni na fi kowa dariya. Na ce, "Iya, ai ko jariri ya san babba ɗaya ake saƙawa tun daga gida."

Ta ce, "To angona mai wayo, Allah ya kai mu ka girma."

Na girma, na shiga jami'a lokacin da kuɗin mai ya kawo mana kwamfuta, wadda ake ba umarni da kati mai huji. Ma'ajiyarta 'yar ƙarama ce, layin jiranta kuwa dogo. Aikina na ƙarshe shi ne haɗa awon ruwan koginmu, kowace tashar awo da jerin lambobinta, su zama jadawali guda. Sai ya karɓu zan tafi gida Sallah.

Sai na tsara shi haka: kowane jeri ya zo, a buɗe sabon jadawali mafi faɗi, a kwafe tsohon a ciki, shi tsohon kuma a bar shi a ma'ajiya. Injin ya dawo da katunana, wai wuri ya ƙare. Malaminmu ya duba a gaban kowa, ya ce, "Ka san yawan tashoshin tun farko. Ka ware jadawali ɗaya cikakke, kowane jeri ya faɗa gurbinsa."

Kunya ta rufe ni, har hayaƙin bandar nan na ji a hancina. Na koma ƙarshen layi, Sallah ta wuce ban je ba.

Da na iso daga baya, Iya ta tambayi abin da ya tsare ni. Na so in ɓuya a bayan manyan kalmomi, na kasa, na faɗa mata yadda aka yi. Ba ta yi dariya ba, gara ma da ta yi. Ta juya kifinta a kan wuta, ta ce, "Jirgin ya nutse ke nan, angona?"

Na ce, "Ya nutse, Iya."