Katin da Kawu Ya Zaɓa da Hannu

Shekarar da sojoji suka ce za su mayar wa farar hula mulki, motocin 'yan siyasa na ta zagaya Gidan Rumji da lasifika, yayana kuwa yana kwance a ɗakin zaure da ƙafa a ɗaure. Moto ce, wato babur, ta kayar da shi a hanyar Cadakori, mai ɗori ya ce kada ya kuskura ya taka. Abin da ke ɗebe masa kewa shi ne tsohuwar kwamfutar da ya sayo daga wani buro, wato ofis, a Maraɗi, da wasan ƙwallon da ke cikinta. Sai abokansa suka kawo masa sabon wasa, 'yan ƙwallon kuma suka riƙa tafiya kamar masu ciwon gwiwa. A buga, hoto ya tsaya, kafin ya dawo ƙwallo na cikin raga. Yaya ya ce katin hoto ne ya tsufa, wato ɗan allon da ke cikin akwatin, wanda ke zana abin da ake gani.

Kawunmu dillalin tumaki ne. Ya ce a bar masa wannan. Ya je Maraɗi ya dawo da kati mai fanka biyu, ya ajiye shi kan tabarma yana murmushi.

"Duk na shagon sai da na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya," in ji shi. "Wanga ya fi nauyi."

Haka yake zaɓen rago, ya cusa hannu ƙarƙashin ƙirji ya ɗaga. Babu wanda ya ga laifin hakan.

Yaya ba ya iya sunkuyawa, sai ya ce ni 'yar lise, mai karatun sakandare, in sa katin, yana faɗa mini ina bi. Wasan ya buɗe, kyau kamar talabijin. Ni kuwa na durƙusa a bayan akwatin ina kallon fankokin, ina so in gane wace ce ke fara juyawa. Sai na ji tas! Wuta shuɗiya ta fito, hayaƙi ya biyo, gefen mayafina ya kama. Kawu ne ya kashe da hularsa. Ban ƙone ba.

Baba ya zo ya dubi akwatin, ya dubi rumbun hatsin da ke bayan zauren.

"Abin nan ya sake yin hayaƙi, a bola zai kwana."

Yaya ya juya fuskarsa bango.

Wani mai gyaran rediyo ya canza ɓangaren da ya ƙone, wanda ke raba wa sauran kayan wuta. Ya nuna mini lambar da ke jikinsa, ya ce iyakar abin da yake iya bayarwa ke nan, katin Kawu kuwa cinsa ya wuce haka. Maganar ta tsaya mini a rai. Ashe kati ma ci yake yi? Kullum in an zare waya sai in zauna nesa kaɗan in leƙa cikin akwatin. Kamar gari ne aka hango daga sama, da tituna da rumbuna ƙanana. Idona ya ƙi barin wurin.

Da za a mayar da katin, na ce zan bi Kawu. Na karyo tsinken tsintsiya na auna tsagar da katin ke zama, yadda Inna ke auna ƙafar ƙannena in za ta sayo musu takalman salla.

Mai shagon na ganin tsinken ya ƙyalƙyale da dariya.

"Hajiya ƙarama, takalmi kika zo saye?"

"Kai dai auna mata," in ji Kawu. "Ɗiyata ce, wuta ta gani da idonta."

Ya zube katuna kan tebur. Ashe tsagar iri biyu ce, wasu katunan haƙoransu masu shiga tsagar ba su kai tsawon tsinkena ba, na ture su gefe. Na faɗa masa lambar da mai gyaran rediyo ya nuna mini, na ce cikin sauran wanne ya fi ƙarancin ci? Ya miƙo wani siriri, ba fanka, sai ƙarfe kamar matajin kai.

Kawu ya ɗora shi a tafin hannu.

"Wanga? Ai ɗan tsako ya fi shi nama!"

"Alhaji, ba layya za a yi da shi ba," in ji mai shagon. Ya juyo wurina: "Ba za ku ga gumi a goshin 'yan wasa ba, amma za su yi gudu."

Muka iso gida bayan azahar. Baba ya sa kujera a ƙofar zaure, da bokitin yashi kusa da ƙafarsa. Na sa katin, ya zauna daidai. Amma yatsana ya ƙi zuwa wurin kunnawa.

"Bari in danna da sandata, ƙanwata," in ji Yaya.

Na ce a'a. Na tattare mayafina, na yi bisimilla, na danna, na ruga bakin ƙofa har na yi karo da bokitin.

Daga can na kalli wasa guda cikakke. Ciyawar filin ba ta kai ta katin Kawu kyau ba, amma 'yan ƙwallon na gudu, Yaya na ihu yana dukan katifa. Baba ya tashi ya sa hannu a bayan akwatin, ya sunkuya ya shinshina. Ya ɗauki bokitinsa ya zubar da yashin a gindin dalbejiya, ya tafi alwalar la'asar.

Kawu ya daɗe yana leƙen katin. "Mi yake ci, to?" ya tambaye ni.

Na ce kaɗan. Ya girgiza kai, ya ce dabba irin wannan bai taɓa kiwonta ba.

Har yau in wani ya ƙona leda a unguwa, sai na ji hannuna ya kai gefen mayafina.